Muryar Mamanki a Buhun Masara

Jambutu, Jimeta,
Ranar Alhamis da rana.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, ke da kayanki, babu abin da ya fashe, babu abin da ya ɓace. Allah ya raba ki da sharrin hanya, ya ba direbanku idon gani da haƙurin taka birki, ya sa ki shiga sabon aikinki da ƙafar dama.

Na san za ki yi dariya in kin gan ta. Muna gida ɗaya shekara ashirin da huɗu, muna cin tuwo a tabarma ɗaya, sai ana gobe za ki tafi na zauna ina rubuta miki wasiƙa kamar wanda ke wata ƙasa. Yi dariyarki. Sau uku a makon nan na kira sunanki don in yi miki maganar da baki, kina amsawa sai in ce ki miƙo mini ruwa. Ruwan da na sha a makon nan ya isa ban-ruwan lambu.

Kin yi ta ƙunƙuni da na nace gobe ki riƙe ƙaramar jakarki a cinya, kada ki bari a jefa ta but ɗin mota. Ga dalilin. A ƙasanta, ƙarƙashin zannuwa, akwai gwangwanin biskit da na ɗaure da igiya. A ciki akwai had-dis na tsohuwar kwamfutar shagonmu, rumbun nan da ta adana duk abin da aka taɓa sa mata. Kin san abin da ke kansa. Muryar mamanki ce, waƙoƙinta da hirarta, kuma babu ita a ko'ina a duniyar nan sai a cikinsa. Tun kina 'yar shekara tara kike roƙona in kunna miki, ni kuma ina ce miki yana nan lafiya, sai kin girma. Rabin maganar ne gaskiya. Yana nan. Ko lafiya yake, ban sani ba, kuma laifina ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ki zauna ki karanta har ƙarshe kafin ki taɓa igiyar nan.

Amma bari in bi da ke ta hanyar da na bi, domin ba rana ɗaya na fara ɓarna ba.

Ke ce mai digiri, shekara huɗu kina jami'a a Sangere kina jiƙa gari kina karanta kwamfuta. Ni da ɓarna na koya. Tafireta nake bugawa a wani ofis a Yola lokacin da aka kawo mana kwamfutoci uku, aka tura ni kwas na mako biyu. Ina dawowa abokan aiki suka fara kirana injiniya, kaina ya kumbura har hula ta daina shiga. Wata rana fankar kwamfutar shugabanmu ta fara kuka. Dattijo ne Bafulatani, Bappa Hamidu muke ce masa, mutum mai sanyin magana. Ya tambaye ni ko a kira mai gyara daga Jimeta, na ce to ina amfanin kwas ɗin da na je. Na kashe ta a maɓalli, na kwance murfi a gaban kowa, ban zare waya daga bango ba. Sukudireba ya suɓuce mini ya faɗa kan bod, allon nan da duk kayan ciki suke manne a kansa. 'Yar ƙara ɗaya ta yi, sai warin ƙuna ya cika ofis.

Bappa Hamidu ya taso ya leƙa cikin akwatin, ya daɗe yana kallo kamar ya san abin da yake gani, sannan ya ce, "Yohanna, ko saniyar da ta san ka, sai ka ɗaure mata ƙafa kafin ka tatsa." Ya koma kujerarsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Wata uku ofishin yana lallaɓawa da kwamfuta biyu, kuma babu wanda ya sake kirana injiniya sai in ana neman abin dariya.

Don haka, 'yata, ko ana tsaye a kanki ana cewa ki yi sauri, ki zare waya daga bango tukuna. Ki danna maɓallin ki riƙe, sauran wutar da ta maƙale a ciki ta fita. Ki taɓa ƙarfen akwatin da tafin hannu kafin ki taɓa komai, domin 'yar wutar nan da ke tsartuwa daga yatsa in mutum ya taɓa ƙofar mota a rani, ita ma tana kashe ram ɗin cikin kwamfuta, kuma ko wari ba za ki ji ba. Duk abin da kika ciro ki riƙe shi ta gefe, ba ta haƙoransa masu ruwan zinariya ba. Na san an koya muku duk wannan a aji. Abin da ba a koya muku ba shi ne yadda kan mutum ke kumbura in an kira shi da babban suna, alhali ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A can ma za su kira ki injiniya, ga ki mace a cikin maza, za ki so ki nuna musu. Ranar da kika ga abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, ki je ki tambaya.

Bayan na auri mamanki na bar aikin ofis, muka kama shagon nan na bakin titi. Ni a ciki ina buga wa mutane takardu ina gyara, ita a baranda da keken ɗinkinta. Ba ki san ta sosai ba, bari in gaya miki, Saratu ba ta iya ganin mutum yana shirme ta yi shiru. Kuma ba faɗa take yi ba, a waƙa take saka ka, wanda ya fi faɗa ciwo.

Wata Asabar na kwance kwamfutoci biyu a lokaci guda, ɗaya ta wani malamin makaranta daga Demsawo, ɗaya ta wani mai kemis. Na zube sukurori da wayoyi wuri ɗaya a kan tebur, na ce ai ni na kwance, ni zan ɗaura. Da na zo ɗaurawa duk sun zama 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Na musanya musu ram, na kuma ɗauki dogon sukuru na murɗa inda gajere ya kamata, ya wuce ya huda had-dis ɗin malamin. Tambayoyin jarrabawar da ya yi mako yana shiryawa suka tafi. Bai yi mini wani faɗa ba, ya ɗauki kayansa ya ɗora a mashin, kuma har yau in mun haɗu a kasuwa daga nesa yake ɗaga mini hannu.

Mamanki ta bar kekenta ta shiga gida, ta dawo da tsohon kiret ɗin ƙwai da ƙullin zare kala-kala. Ta ce kowane rami da irin sukurunsa, in jera daga hagu zuwa dama yadda na cire su, in na zo mayarwa in faro daga dama. Kowace waya kuma in ɗaura mata zare, in ɗaura irinsa a inda ta fito. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa yanka yadin mutum biyu a tebur ɗaya ba. Sai ta koma kekenta tana rera wata waƙa da ta ƙirƙira nan take, a kan injiniyan da ya sa wa akuya ƙafar jaki. Mako guda matan layinmu suna rera ta in na zo wucewa.

Asalin kiret ɗin da kika taso kina gani a teburina ke nan. Ku yanzu kuna da waya mai hoto, ki ɗauki hoton cikin akwatin kafin ki zare ko waya ɗaya. Kayan mutum ɗaya a tebur, sai kin rufe nasa ki buɗe na wani. Abin da kika cire za ki ajiye, ki manna masa takarda: na wane ne, daga wace kwamfuta, me ke kansa. Ledar nan mai ruwan toka da sababbin kaya ke zuwa a ciki, kada ki yar, ita ce rigarsu, baƙar ledar kasuwa ba ta yin aikinta. Ki sa a kwali da soso, ki jefa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ki ɗora a sama, nesa da ƙasa, nesa da bayan sifika. In ƙwaƙwalwarki ta ce miki ba sai kin rubuta ba, za ta tuna, kada ki yarda da ita. Tawa ta sha faɗa mini haka.

Yanzu maganar muryar. Mamanki ce ke ba da waƙa a zumuntan mata na cocinmu. Wasu waƙoƙin na Hausa ne, wasu na yarenmu da ta koya wurin kakarta a ƙauye, wasu kuwa ita ta yi su tana taka keke. Da fari a kaset ake ɗauka, da rediyon wata 'yar zumunta. Da na sami kwamfuta mai ɗan ƙarfi sai na ce mata zamanin kaset ya wuce. Na kwashe su duka na mayar cikin kwamfuta, na aro makirfo, duk Asabar da yamma in aiki ya ragu sai ta zauna ta rera sababbi. Ba na kashewa tsakanin waƙa da waƙa, lalaci ne kawai, shi ya sa hirarta ta shiga, da dariyarta, da faɗan da take miki kina jan wayar makirfo. Akwai inda kika yi ta kuka, ta goya ki, ta ƙarasa waƙar tana jijjiga ki, har ana jin muryar tana rawa.

Ta ce in ajiye kaset ɗin. Na ce su ke tara mana kyankyasai, na ba wani maƙwabci ya ɗauki kiɗan bikin ƙaninsa a kansu. Ta ce to in kwafa mata a faifai ko biyu, ta kai wa yayarta Numan. Na ce gobe. Goben nan ta yi shekara biyu ba ta iso ba. Ba wai abin yana da wuya ba, aikin rabin yini ne, kuma faifan suna nan a shagon ina sayar wa mutane, har ina yi musu huɗuba a kan amfaninsu. Ki ji ni da kyau, abin da yake wuri ɗaya ki ɗauka ba ki da shi. Ki kwafa, ki kai gidan wani, lokaci-lokaci kuma ki buɗe ki ga yana nan. In wanda kike ƙauna ya roƙe ki aikin rabin yini, ki yi masa a yinin.

Sai ciwon ya zo, kina 'yar shekara bakwai, farkon damuna. Kwana tara ta yi a asibiti. Ba zan sake buɗe wannan ba, kin ji shi a bakin yayata, Goggo Ladi. Bayan an binne ta na kasa kunna kwamfutar nan. Na rufe ta da zani, na tura ƙarƙashin tebur, na ci gaba da aiki da wata. Ina tsoron in ji muryarta, ina kuma tsoron wani ya ce in kunna masa.

A damunar nan kogin Binuwai ya cika ya batse. Wataƙila kin tuna yadda na ɗauke ki a wuya. Da safe ruwa yana bayan layinmu, kafin rana ta take yana bakin ƙofar shago. Maƙwabta suna ta fitar da katifu da tukwane, kowa na kiran kowa. Wurin da na samu a kurar maƙwabcinmu na buhu ɗaya ne da akwati ɗaya. Kwamfutoci ba za su shiga ba, na ɗora su kan kanta mafi tsawo na bar wa Allah. Amma waccan ta ƙarƙashin tebur na jawo ta, na kwance murfi, na zare wayoyi a hankali, na cire sukurori huɗu, na ciro had-dis ɗin. Wannan kam na yi shi daidai.

A wurin ajiya na yi shirmen. Ban sami ledar toka ba a cikin hayaniyar. Na naɗe shi a ɗankwalin mamanki, na sa a ledar burodi, na tsaya ina dube-dube. Sai na tuna babana a ƙauye. Duk abin da yake tsoron laima ta taɓa, takardar gona ce, irin kabewa ne, cikin hatsi yake tura shi a rumbu. Ga buhun masararmu a tsaye, wanda aka aiko mana daga gida. Na kwance bakinsa, na tura hannu har kafaɗa, na binne ƙunshin a tsakiya, na ɗinke. Ban rubuta komai a jikin buhun ba, ban gaya wa kowa ba, ni da nake manna takarda a kan ram ɗin baƙo.

Muka tare a gidan Goggo Ladi a Demsawo mako uku. Da ruwa ya janye muka koma, amma ɗakin duk laima, bango yana zufa, sai na bar buhun a sitonta na ce zan zo in ɗauka. A raina har ina yaba wa kaina dabara, babu ɓarawon da zai nema a can, babu ruwan da zai kai. Sau biyu ta yi mini maganar buhun, na ce ta bar shi kawai. Kunya ce ta hana ni faɗa, kada a ce Yohanna ya fara zaucewa, yana ɓoye ƙarfe a hatsi. Na kuma san in ta ji, kafin yamma ta tara 'yan zumunta su ce a kunna musu Saratu.

Mamanki tana da wata al'ada. Duk ranar godiyar girbi buhun masara guda take kaiwa gaban coci, ta sa mu a gaba muna rawa a bayansa. Shekarar nan babu ita. Goggo Ladi ta duba ta ga ba ni da hankalin tuna irin wannan, ga kuma buhu a sitonta, ta ce ba za a kira gidan Saratu a ji shiru ba. Ta sa aka ɗauka ba tare da ta gaya mini ba, don ta faranta mini rai.

Ina cikin cocin, Rifkatu. Aka kira gidanmu, mata suka taso da ɗaya daga cikin waƙoƙin mamanki, maza biyu suka shigo da buhu a kafaɗa. Goggo ta jawo hannuna, na riƙe naki, muka bi bayansa muna rawa ina hawaye. Har na ce a raina, kai, Ladi ta yi ƙoƙari, ina ta sami buhu mai kyau haka. Bayan sujada aka yi gwanjon kayan baiko a harabar coci kamar kullum, ina tsaye ina tafi aka sayar da shi.

Sai ranar Talata na je Demsawo ɗaukar kayana. Goggo ta ce wane buhu, ba wanda na yi rawa a bayansa ba? Na zauna a ƙasa a bakin siton. Ita ta ɗauka masarar nake wa baƙin ciki, har ta fara yi mini wa'azi a kan rowa. Da na gaya mata, ta ɗora hannu a ka, ta shiga ta ɗauko mayafi. Muka je wurin sakataren coci, ya ce Mama Ngozi ce ta saya, wata 'yar Ibo mai yin kamu tana sayarwa a kasuwa, wadda aka gayyato bikin.

A bayan gidanta muka same ta. Tun daga nesa na hango buhun a yashe babu komai a ciki, masarar kuwa tana jiƙe a manyan bahuna. A can gefe akwai wani baho a kife an danne shi da dutse, yaran gidan duk an kore su daga wajen. Ashe tana juye masarar ne daga kan tebur ƙunshin ya faɗo. Ta ga ɗankwalin mace a ƙulle cikin kayan baiko, ta ce wannan ba hannun alheri ba ne, har ta aika a kira fastonta.

Ta ce, "Oga Yohanna, abin nan naka ne? Na saya masara a gidan Allah, na ga ƙulli a ciki. Abeg, mene ne a ciki?"

Ni kuma da hankalina ba ya jikina na ce, "Muryar matata ce."

Matar ta ja da baya sai da ta kusa faɗawa baho. Goggo ce ta zaunar da ita ta yi mata bayani, ta ɗaga bahon, ta kwance bakin ɗankwalin ta nuna mata ƙarfe ne. Mama Ngozi ta san mamanki, mamanki ce ke mata ɗinkin Kirsimeti. Ta kalli ɗankwalin ta gane shi, sai ta fara kuka. Da ta so da ta yi shiru, babu wanda ya gani, amma ta ce, "Ya faɗi fa. Ya buga bakin baho, ya buga siminti, sau biyu na ji. Ni kuma na tura shi da tsintsiya. Ruwa dai bai taɓa ba. Ka yi haƙuri, ban sani ba."

Dabarar babana ba ta da aibi, domin a gidansa kowa ya san abin da ke cikin rumbu, har kaji. Ni na ɗauko rabin dabarar na bar rabi. Goggo ba ta yi laifi ba, Mama Ngozi ba ta yi laifi ba, ƙauna ce ta sa ɗaya, tsoron Allah ya sa ɗaya. Duk abin da kika ajiye mai muhimmanci, ki rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe, ki kuma gaya wa mutum ɗaya mai hankali inda yake. Haka ma in wani abu ya dame ki a Kaduna, kada ki binne shi ki ɗinke baki, na san halinki, nawa kika ɗauko. Goggonki har gobe tana ganin laifin kanta. Ni na roƙe ta kada ta gaya miki, kada ki riƙe ta a rai.

Na kawo shi gida na kwance. Kusurwa ɗaya ta ɗan lotsa. Sai na yi abin da nake hana mutane, na kai shi kunne na girgiza. Na ji wani abu ya motsa, ko kuma ban ji ba, har yau ban tabbata ba. Na kai wa wani tsohon mai gyara a Jimeta da ya fi ni sani. Ya juya shi, ya ce in a kashe yake ya faɗi, sau da yawa ba ya yin komai. Amma in allurar ciki ta goce, ana ba shi wuta za ta karce faifan kamar garma, kuma shi ke nan. Ya ce dama ɗaya gare ni, ko in jona in gwada sa'ata, ko in kai inda suke da ɗaki mai tsabta da kayan buɗe irinsa. A lokacin babu irin wurin nan kusa da mu.

Na sa shi a ledar toka, na yanka soso daidai jikinsa, na sa a gwangwani, na ɗora saman kwaba. Shekara goma sha bakwai ke nan. Duk farkon damuna in sauke, in canza masu shan laima, in mayar. Wanda ya gani zai ce mutumin nan ya iya ajiya. Tsoro ne, ba iya ajiya ba. Muddin ban kunna ba tana nan a ciki, ranar da na kunna ya ƙi kuwa, ta mutu mini sau biyu. Daga baya na ji akwai masu aikin a manyan garuruwa, na sami halin zuwa ma, ban je ba. Kuma na sani sarai, ni da nake gaya wa mutane, had-dis ba ya son dogon zama. Man da ke cikin injinsa yana daskarewa, irin wayarsa mai faɗi ma ta ɓace a kasuwa. Kowace shekara da na ƙara, rai na rage masa. Ajiya tana da rana, 'yata, in ta wuce ranarta ki sauke ki duba, ko da gabanki yana faɗuwa.

Abin da ya fi min ciwo a duk wannan shi ne ke. Kin tambaye ni kina firamare, kin tambaye ni ranar baftismarki, kin tambaye ni ranar da kika gama sakandare. Ranar da kika ce mini kin zaɓi karatun kwamfuta ne don wata rana ki buɗe gwangwanin Mama da hannunki, na ce miki madalla, na fita baranda na zauna kusa da kekenta har kika kira ni cin abinci. Na bar ki kina gina shekarunki a kan abin da ban tabbata ba. Na ce ina kare ki ne, alhali kaina nake karewa. Ki yafe mini. A aikinki ma, duk ranar da kayan wani ya lalace a hannunki, ki gaya masa a ranar, da bakinki, kafin ya tambaya. Fushin yini ɗaya ne, ya fi sauƙin ɗauka a kan abin da na ɗauka.

Kin ce inda za ki yi aiki suna da ɗakin da ake buɗe irinsa. Kada ɗoki ya sa ki jona shi a masaukinki. Ki bari ki saba da wurin, ki gane wanda ya fi kowa sanyin hannu, ki ba shi labarin faɗuwar yadda na ba ki, har da tsintsiyar da girgizawar, kada ki rage komai don ki rufa mini asiri. Wayarsa mai faɗi tana cikin gwangwanin. Amma kada ki yi irin jirana, ki sa wa kanki rana kafin Kirsimeti.

In ya ƙi, ki sani ba a hannunki ya mutu ba, tun kina 'yar shekara bakwai aka yi abin. Ki kira ni ki faɗa mini a ranar, zan iya ɗauka.

In kuwa ya tashi, ki kwafa wuri uku kafin ki saurari ko daƙiƙa ɗaya. Sannan ki rufe ƙofa ki ji ke kaɗai, haƙƙinki ne. Bayan nan ki kira ni, ko ina tsakiyar aiki, ko ina coci, zan fito. Ki kara wayar a sifika kawai, ba sai kin ce komai ba. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko Goggo. Ina tuna kalmomin waƙoƙinta duka, ina tuna yadda take karkata kai in za ta ɗaga murya. Amma sautin ya tafi. Shekara biyar ke nan ko fiye, in na rufe ido na nemi muryarta, ta Goggo ce ke zuwa, ko taki. Na manta muryar matata, Rifkatu, kuma ina so in ji ta sau ɗaya kafin in je in same ta.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa albarka a hannuwanki. Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Goggo Ladi tana gaishe ki, ni ma ina gaishe ki, kuma sunanki yana bakina a kowace addu'a.

Ni ne babanki,
Yohanna.